Kumfar aduwa: wane gwaji za ki riƙe kafin ki zuba kuɗinki?

Tun da muka fara harkar sabulun ruwa da shamfu na aduwa tambaya ɗaya ce ke ta dawo min, shekaranjiya ma wata 'yar'uwa daga Garin Malam ta sake yi min ita. Wai mutum biyu ke kawo mata garin aduwa, ɗaya daga wajen Tanut ɗaya kuma nan kasuwar Dole, kowa na rantsuwa nasa ya fi kumfa, ita kuma ta rasa yadda za ta raba gardamar, ta kaɗa a kwano ta duba da ido ne, ko ta sayi kayan awo, ko kuwa ta ɗaure ta aika labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a Yamai a yi mata a takarda. To 'yar'uwa ga amsa, da ɗan tsawo, ki yi haƙuri ki karanta har ƙasa don kuɗinki ne da sunanki a ciki.

Abin da ke kawo kumfar nan masana na ce masa safonin, yana cikin ɓawon aduwa da saiwarta da naman 'ya'yan, shi ya sa tun kakanni ake wanki da ita. Irinsa ne a ɓawon itacen kilaya na ƙasar Cile wanda turawa ke sawa a lemon kwalba don ya yi kumfa, lambarsa E999 a jikin kwali, kuma shi ne a 'ya'yan itacen sabulun nan na Indiya. Matsalar ita ce yawansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Itace da itace sun bambanta, na bana ba lallai ya yi daidai da na bara ba, wanda aka shanya da kyau da wanda ya sha danshi a buhu ba ɗaya suke ba. Kin ga kenan in ba ki gwada ba, lissafin da ya yi miki kyau a wannan tukunyar zai iya ba ki kunya a ta gaba.

Ni abu biyar nake dubawa a kowane gwaji. Kuɗinsa nawa. Ƙarko, wato kayan za su daɗe kuma in na maimaita gobe zan samu amsa irin ta yau. Sauƙi, zan iya yi ni kaɗai a tsakar gida ko kuwa in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, aiki ya tsaya. Haɗari, na jiki da kuma na gwajin ya yaudare ni. Na biyar wanda na fi ba muhimmanci, wace tambaya gwajin ke amsawa, domin "yana kumfa?" daban, "an yi masa algus?" daban, "zai cutar da fatar mutum?" ita ma daban.

Gwajin kwano da hannu

Shi kowa ya sani. Ki jiƙa garin, ki kaɗa, ki murza a tafin hannu, ki shinshina. Ko dala ba ki kashewa, ba abin da zai lalace, yaro ma zai yi. Kuma kada wani ya raina miki shi, hanci na kama tsami da warin fumfuna tun kafin wata na'ura ta yi magana, ido na ganin yashi da dusa. Kumfar safonin ma tana da kamanninta, ƙananan ƙwayoyi a manne kamar saƙar zuma, ba ta saurin mutuwa.

Amma wajen ƙarko ba ya da shi sam. Yau kin ɗebi cokali a cike gobe a shafe, yau da ruwan pampo gobe da na 'yan ga-ruwa wanda ba ki san rijiyar da aka ɗebo ba, yau kin kaɗa da ƙarfi gobe kin gaji. Kuma shi ne gwajin da mai algus ya fi so ki yi. Ni ya taɓa faruwa da ni, na sayi tiya uku a hannun wani don na ga kumfa ta cika kwano har tana zuba, na yi shamfu na raba wa mata, kwana biyu wata ta dawo tana cewa kan ɗiyarta na ƙaiƙayi. Da na baza sauran garin a faranti cikin rana sai ga 'yan ɗige-ɗige shuɗɗa, garin wanki ne aka cuɗa a ciki. Na mayar wa kowa kuɗinta, amma abin ya daɗe yana ci min rai don yarinya ce ƙarama.

Gwajin kwalabe goma

Nan zan daɗe don shi ne nake so ki koya. Hanya ce da ke cikin littafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 kan duba ingancin tsirran magani, kuma abin mamaki kusan duka ana iya yinsa a gida.

Ana auna giram 1 na garin a zuba cikin ruwa mililita 100 da ke tafasa, a bar shi yana tafasa a hankali minti 30, a sauke ya huce, a tace, a ƙara ruwa har ya koma 100 cif tunda wani ya ƙone. Sai a jera kwalabe goma sirara masu murfi, na asali tsawonsu santimita 16 faɗinsu milimita 16. Ta farko a sa mililita 1 na ruwan aduwar, ta biyu 2, ta uku 3, haka har ta goma, sannan a cike kowace da ruwa zalla har ta kai mililita 10. A toshe baki a girgiza sama da ƙasa na sakan 15, girgiza biyu a kowane sakan, wato 30 kenan. A ajiye minti 15 ba a taɓa ba. Sai a ɗauko abin awon santimita na 'yan lakwal a auna tsawon kumfar da ta rage a kowace kwalba.

Abin da ake nema shi ne kwalbar farko da kumfarta ta kai santimita 1. A raba 1000 da lambarta. In ta huɗu ce kin samu 250, in ta biyu ce 500, in sai a ta takwas ta kai to 125 ne, garin ba ƙarfi. In babu wadda ta kai santimita 1 an ce yana ƙasa da 100, ni irin wannan ba na saye ko an rage min kuɗi. In kuma duka goman sun wuce, ya haura 1000, sai a sirka a sake.

Kin ga yanzu mai Tanut da mai Dole ba sauran rantsuwa, kowa lambarsa za ta fito. Kuma lambar na taimaka miki wajen ciniki, in na wancan 500 ne na wannan 250, to tiya biyu ta wannan ce ke aikin tiya ɗaya ta wancan, ko da ya fi araha kaɗan ke ce da asara.

Kuɗinsa ba yawa, sau ɗaya za ki kashe: sirinji mai mililita 10 daga farmasi, ƙaramin sikeli mai batir irin na masu sayar da zinariya, ƙyalle mai tsabta na tacewa, agogon wayarki, da kwalaben. Sikelin ne mai ɗan tsada a ciki. In naki ba ya kama giram 1 da kyau, auna giram 10 ki dafa a lita 1, lissafin bai canza ba kuma kuskuren awo ya ragu. In ba ki samu kwalaben labo ba ki nemi wasu sirara guda goma masu girma ɗaya, sai dai ki sani lambar da za ki samu taki ce ke kaɗai, za ki kwatanta buhu da buhu a gidanki amma ba za ki kwatanta da ta wani gari ba.

Abubuwa uku ke ɓata wannan gwajin kuma duka ukun na ga sun faru. Na ɗaya ruwa. Mu nan Damagaram kowa ya san halin ruwanmu, yau na nan gobe na can, wani da gishiri-gishiri wani da laka, to ki ware ruwa iri ɗaya na gwaji kawai. Ruwan da aka tace da tururi wanda ake ƙara wa batirin mota shi ya fi, amma ki tabbatar farin ruwan ne ba mai asid ba, ki faɗa wa mai shagon ƙarara. Na biyu wankin kwalba, in kika wanke da sabulu ba ki ɗauraye sosai ba ragowar za ta yi kumfa ki ɗauka aduwa ce, in kuma akwai maiƙo a ciki zai kashe kumfar ki zargi mai kaya a banza. Na uku zafi, kumfar da aka auna da tsakar ranar watan Afrilu ba za ta tsaya kamar ta safiyar Janairu ba, don haka ki riƙa yi da safe a inuwa, kuma mutum ɗaya ya riƙa girgizawa.

Dabarar da ta fi yi min amfani ita ce ajiye zakaran gwaji. Duk ranar da kika samu gari mai kyau ki ɗebi kaɗan ki rufe a kwalba busasshiya nesa da rana, duk sabon kaya ki gwada su tare rana ɗaya da ruwa ɗaya. In zafi ko ruwa ya taɓa sakamako, ya taɓa su duka biyun. Ki rubuta komai a kayye, kwanan wata, daga ina kayan, lambar da ta fito.

Haɗarin jiki kaɗan ne, ruwan zafi ne sai ƙurar garin da ke sa atishawa da yajin ido, ki rufe hanci in kina daka. Haɗarin yaudara kuwa yana nan, kwalba ba ta san mai ita ba, duk abin da ke kumfa za ta nuna. Don haka nake haɗa shi da ƙananan gwaji biyu. Ki ɗiga ruwan lemon tsami ko binegar a kan kumfar, in sabulun mai da soda aka goga a ciki za ta faɗi ruwan ya yi gudaji, ta safonin kuwa tana tsayawa. Sannan takardar awon pH, wato mai nuna tsamin ruwa ko sodarsa da lamba, ruwan aduwa na karkata wajen tsami kaɗan, garin wanki kuma na kai lambar sama wajen 10, in kika ga lambar ta yi sama haka ki ajiye kayan. Wanda zai tsallake duka biyun shi ne sinadari irin Texapon da masu sabulun ruwa ke amfani da shi, lemon tsami ba ya kashe kumfarsa kuma ba ya ɗaga pH sosai, shi sai labo.

Gwajin zubowa daga sama

Wannan na masana'antar sabulu ne, sunansa Ross-Miles, tun 1941 ake yinsa. Ana sa mililita 50 a ƙasan doguwar kwalba mai zanen awo, a sako mililita 200 daga tsayin santimita 90 ya faɗo a kai, a auna kumfar nan take, a sake aunawa bayan minti 5. Amfaninsa ya cire hannun mutum daga lissafi, ba maganar wane ya fi ƙarfin girgiza, kuma yana ba ki abu biyu, yawan kumfa da daɗewarta. Ya fi dacewa da sabulun da kika riga kika haɗa, ba ɗanyen gari ba.

Na asalin gilashi ne dogo mai tsada, ba a samunsa a kasuwa nan, in ya fashe kuma shikenan. Ana iya kwaikwayonsa da mazurari da tiyo mai haske a ɗaure jikin katako, ba zai kai na labo ba amma in tsayin da ramin mazurarin ba su canza ba yana ba da amsa mai kama da juna. Abin da ya sa ban cika yinsa ba yana cin kaya, mililita 250 kowane zubi kuma sai an yi sau uku, ga wankin tiyon tsakani, a garin da ake sayen ruwa da bido wannan ba ƙaramin abu ba ne. Algus kuma ba ya kamawa, shi ma kumfa kawai yake gani.

Labo

A nan ba gwaji ɗaya ba ne, kuma in ba ki san wanda kike so ba za ki biya kuɗin abin da bai amfane ki ba. Akwai wanda ake haɗa ruwan tsiron da banilin da asid mai ƙarfi a ɗumama, launi ya fito, na'ura ta karanta ta faɗi yawan safonin. Yana da kyau amma sukari da wasu abubuwan ma na ba da launin, naman aduwa kuwa zaƙi gare shi, sai lambar ta fi gaskiya yawa in ba a tsabtace samfurin ba tukuna. Akwai na'urar HPLC mai rarrabe sinadarai ɗaya-ɗaya, ita ta fi kowa gaskiya ta kuma fi kowa tsada. Akwai gwajin jini, domin safonin na fasa jajayen ƙwayoyin jini, ana gwadawa da jinin shanu a ga ƙarfinsa, wannan don Allah kada wanda ya ce zai yi a gida. Akwai mai amfani da shuɗin metilen don gano sinadarin wanki da aka ɓoye. Sai ƙidayar ƙwayoyin cuta, wanda a ganina in kuɗin gwaji ɗaya kawai gare ki shi za ki biya.

Dalilina, ruwan aduwa dafaffe abinci ne ga ƙwayoyin cuta, akwai sukari akwai ruwa ga zafin garinmu, cikin 'yan kwanaki zai fara tsami in ba a sa maganin adanawa ba ko ba ya cikin firijo. Kuma zai iya lalacewa yana ci gaba da kumfa lafiya lau. Duk gwaje-gwajen gida ukun nan babu mai ganin wannan.

Wuraren da za ki fara tuntuɓa su ne LANSPEX a Yamai, labon gwamnati mai duba magunguna da abinci da ruwa, sai sashen kimiyya na Jami'ar André Salifou nan gida. Ki fara tambaya wane gwaji suke karɓa, nawa ne, samfur nawa suke so, kafin ki aika komai. Yamai kusan kilomita 900 ce, ruwan da ya kwana a motar haya cikin zafi ba shi ne wanda kika dafa ba, don haka in safonin za a auna gara ki aika busasshen gari, in kuma sabulun da kika gama ne ki aika shi a rufe yadda kike sayarwa. Sakamakon kuma na samfurin da kika aika ne kawai, ba ya rufe buhun da za a kawo miki wata mai zuwa.

| Gwaji | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | Abin da yake faɗa |
|---|---|---|---|---|---|
| Kwano da hannu | Babu | Amsa na canzawa kullum | Kowa zai iya | Algus na wucewa | Wari, datti, ko yana kumfa |
| Kwalabe goma | Kaɗan, sau ɗaya | Mai kyau in ruwa da hannu ɗaya ne | Wajen awa ɗaya da rabi | Ruwan zafi, ba ya ganin ƙwayar cuta | Ƙarfin garin da lamba |
| Zubowa daga sama | Matsakaici zuwa tsada | Ya fi na girgiza, gilashin na fashewa | Yana cin ruwa da kaya | Ba ya kama algus | Yawan kumfa da daɗewarta |
| Labo | Tsada, kowane samfur | Mafi inganci, na samfur ɗaya | Jira da sufuri | Samfur ya lalace a hanya | Safonin, algus, ƙwayoyin cuta |

Abu ɗaya da ya shafi duka huɗun, inda za ki zubar da ruwan gwajin. A 1964 wani masanin Habasha, Aklilu Lemma, ya lura da matattun katantanwa a ƙasan inda mata ke wanki da wani tsiro mai kumfa da suke kira endod a garin Adwa, daga nan aka fara amfani da shi wajen yaƙi da tsargiya, tunda katantanwar ruwa ce ke yaɗa ta. Aduwarmu ma an san ta da wannan, kuma abin da ke kashe katantanwa na kashe kifi. Kada ki zuba a tafki ko inda ake kiwon kifi, zuba a ƙasa busasshiya. Ki kuma tambayi mai kawo miki wane ɓangare ya daka, ni na 'ya'yan nake karɓa, don wanda ya kewaye itace da saɓar ɓawo ko ya tono saiwa ya kashe ta ne, ita kuma aduwa ba a shekara biyu take girma ba.

To wa ya dace da wane? In na wankin gidanki ne da wanke-wanke, kwano da hanci sun ishe ki, ki dafa na kwana biyu kawai ki ƙarar. In kina saye da tiya ko buhu kina sayar wa unguwa, kamar ke 'yar'uwa, kwalabe goma da takardar pH da lemon tsami su ne naki, kowane sabon kaya, ko daga hannun wanda kika saba da shi ne. In ƙungiya ce kuna haɗa lita da yawa kuna so kowace kwalba ta zama kamar 'yar'uwarta, ku ƙara na zubowa daga sama a kan sabulun da ya gamu, mutum ɗaya ya riƙe kayan da kayyen. In za ki buga suna a jikin kwalba ki kai shago ko Kano, ko kayan na jarirai ne ko na fuska, labo ta zama dole aƙalla a kan haɗin farko da duk lokacin da kika canza mai kawo kaya. Wanda kuma ke tunanin sa shi a abin sha don kumfa, kada ya fara sai da takardar labo da izinin hukuma.

Ke dai yanzu ki karɓi ɗan kofi ɗaya daga mai Tanut, ɗaya daga mai Dole, ki ce musu sai jibi za ki ba da amsa. Gobe da safe ki dafa su a tukwane biyu da ruwa ɗaya, ki gwada na farko ki ɗauraye kwalaben sosai ki gwada na biyu, ki turo min lambobin biyu da abin da takardar pH ta nuna mu duba tare.